Yadda ake rubutun talla a intanet wanda mai saye zai karanta ya amince

Wata Hajiya mai haɗa turaren wuta da humra ta turo min saƙon murya da daddare: "Malam, an ce kai kake rubuta wa mutane talla. Don Allah ka rubuta min wani abu mai daɗi, kaya na nan jibge ba sa tafiya." Na ce ta turo min abin da take sakawa yanzu. Ga shi yadda ta turo: "Turaren wuta mai inganci, ƙamshi na musamman, farashi mai rahusa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A tuntuɓe mu ta DM."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma in ka cire sunanta ka sa na kowace mai turare daga Maiduguri zuwa Sakkwato, rubutun zai zauna daram. Mai saye ba ta ji abin da ya raba wannan kwalba da ta maƙwabciyarta ba, ba ta san kuɗin ba, ba ta san ko za a kai mata Gusau ba. Sai ta ja yatsa ta wuce.

Da aikin wannan Hajiya zan yi misali daga farko har ƙarshe. Matakan ɗaya ne ko shafin kamfani aka ba ka, ko na makaranta mai zaman kanta, ko saƙon WhatsApp na mai kilishi.

Mataki na farko: a yi ciniki a fili kafin a taɓa alƙalami

"Wani abu mai daɗi" ba aiki ba ne da za ka iya cewa yau na gama shi. Ka tambaya: a ina za a saka rubutun, shafin intanet ne ko Instagram ko sitatus na WhatsApp? Guda nawa ne? Yaushe ake buƙata? Da Hausa kaɗai ko har da Turanci? Sannan ka faɗi kuɗinka, ka faɗi sau nawa za ka yi gyara a cikin wannan kuɗin. Ni sau biyu nake yi, na uku sabon ciniki ne.

Ka karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗi. Tela yana karɓa, kafinta yana karɓa, ba wanda ya ce sun yi rashin kunya. Farkon shigata wannan sana'a na yi wa wani kamfani rubutun shafi biyar ban karɓi ko sisi ba, saboda kunyar wanda ya haɗa mu. Aka yi ta dawo min da aikin, yau a ƙara, gobe a rage, daga baya aka daina ɗaga wayata, sai kawai na ga rubutuna a shafinsu. Abin ya yi min ciwo, kuma ba ni da abin riƙewa, don duk maganar da baki muka yi ta. Tun daga ranar, ko a waya muka yi magana, ina kashewa zan rubuta abin da muka tsayar in tura: "Ranka ya daɗe, ga abin da na fahimta, in haka ne a amsa min." Wannan saƙon da amsarsa su ne takardar yarjejeniyarku.

Mataki na biyu: ka saurara, ka daɗe kana sauraro

Nan aikin yake. In aka ba ni kwana uku, biyu a nan suke tafiya.

Ka fara da mai kaya. Kada ka ce mata "me ya sa kayanki suka fi na kowa?", inganci za ta ce maka. Ka yi tambayoyin da ba a amsa su da kalma ɗaya. Yaya kike haɗa shi tun daga farko? Ina kike sayo itacen? Kwana nawa yake yi kafin ki zuba a kwalba? Su wa suka fi saye, amare ne ko masu haɗa lefe? Wadda ta saya ta dawo, me ta ce? Wadda ta tambaya ta ɓace, a wace gaɓa ta ɓace? Wace tambaya ce kika gaji da amsawa?

Hajiya ta yi kusan minti ashirin tana bayani. A tsakiyar maganar ta ce, kamar ba komai ba: "Ai ni ba na cika sukari, shi ya sa nawa ba ya ƙauri in ya kusa cinyewa." Duk shekarun da ta yi tana sana'ar ba ta taɓa sa wannan a talla ba, don a wurinta abu ne da kowa ya sani. Masu sana'a haka suke. Abin da ya fi daraja a aikinsu ya zame musu jiki har ba sa ganinsa. Kai da kake baƙo kai za ka gani, in ka yi haƙuri ka bar su suka yi magana.

Daga nan ka nemi jin masu saye da bakinsu. Ka roƙe ta ta turo maka hotunan hirarta da kwastomomi, guda talatin ko arba'in, bayan ta rufe sunaye da lambobi, domin amana ce. Ka zauna da biro da takarda ka kwafe kalmominsu yadda suka rubuta su. A na Hajiya abu huɗu ne suka yi ta dawowa: "Yana kama kaya kuwa?", "Ba ya ƙauri?", "Kwalbar ba za ta fashe a mota ba?", sai kuma "Na taɓa tura kuɗi aka cinye ni." Ka lura, ba wadda ta ambaci inganci. Wannan kalmar masu talla ce. Mai saye cewa take "yana kama kaya", to kai ma haka za ka rubuta.

In da hali ka je ka ga kayan. Na je, aka zuba garwashi a kasko, aka barbaɗa hawi, wani nau'in turaren wuta, na cire hular kaina na miƙa aka turara. Washegari na shinshina, ƙamshin yana nan. Rana ta uku ya yi sanyi amma bai tafi ba. Yanzu ina da abin rubutawa wanda hancina ya shaida. In aikin na nesa ne, a aiko maka da samfur ko a nuna maka ta bidiyo. Wanda zai rubuta wa ɗan Kantin Kwari talla ya kamata ya san turmin atamfa yadi shida ne, ya kuma taɓa shaddar da hannunsa.

Kafin ka tashi daga wannan mataki ka leƙa shafukan masu irin sana'ar, uku ko huɗu. Abin da duk suke faɗa, ka guje shi. Tambayar da ake yi musu a ƙasa suka ƙyale ba amsa, ita ce taka.

Mataki na uku: mutum ɗaya, buƙata ɗaya

Hajiya ta so a ambaci amare da matan aure da masu sari da maza masu saya wa iyali, duk a saƙo ɗaya. Na ce mata, Hajiya, a raba, taura biyu ba ta taunuwa. Mai sari farashin dozin take son ji da ribar da za ta samu. Amarya so take ta ji ɗakinta zai yi ƙamshi ranar da dangin miji za su zo. Muka zaɓi mai shirin biki, muka ajiye masu sari zuwa wani saƙon.

Hausa da kanta tana tilasta maka wannan zaɓin tun kalmar farko, domin "ka" daban, "ki" daban, "ku" daban. In mata ne masu saye, ka ce "ki" kai tsaye, ya fi shiga rai. In kayan kowa ne, kamar shinkafa ko data, "ku" ya fi dacewa, akwai girmamawa a ciki kuma bai ware kowa ba. In shafin asibiti ne ko makaranta, "a" yana aiki: "a zo da takardar haihuwa". Abin da ba na so shi ne "ka/ki" da sanda a tsakani. Ba mutumin da yake magana haka, kuma mai karatu zai ji kamar fom aka miƙa masa ya cike. Wanda ka zaɓa ka riƙe shi har ƙarshe.

Sannan abu ɗaya tak kake so ta yi in ta gama karantawa: ta turo saƙo, ko ta kira, ko ta biya. Ka rubuta shi a saman takardarka kafin ka fara.

Mataki na huɗu: layin farko

Mutane ba sa karanta shafin intanet yadda suke karanta littafi. A 1997 Jakob Nielsen, masani kan yadda mutane ke amfani da kwamfuta, ya fitar da sakamakon wani gwaji: kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka gwada gilma ido kawai suke yi a kan sabon shafi, kashi 16 ne ke bi kalma bayan kalma. A 2006 kamfaninsa ya bi motsin idon masu karatu da na'ura, aka ga ido yana cin layukan sama, sannan ya gangara ta gefen hagu yana tsintar farkon layuka, kamar siffar harafin F. Wancan a gaban kwamfuta ne. Naka mai karatun a waya yake, data na ƙarewa, wataƙila ma cikin adaidaita sahu yake.

Saboda haka abin da ya fi nauyi shi ne a gaba. "Muna farin cikin sanar da ɗaukacin al'umma" yana da wurinsa a katin biki. A Instagram kuwa, bayan haruffa kamar 125 ake yanke rubutu a ɓoye sauran, sai wanda ya danna zai gani. In gaisuwa da godiya suka cinye wannan fili, tallan bai fito ba. Google ma yakan yanke taken shafi in ya haura haruffa kamar 60, bayanin da ke ƙasansa kuma kamar 155 zuwa 160. In mai kaya na son sallama, a yi, "Assalamu alaikum" ta wadatar, sai a shiga magana.

Take goma nake rubutawa kafin in zaɓi ɗaya. Ukun farko kusan kullum irin na kowa ne, sai an zubar da su na kirki ke fitowa. Ga uku daga na Hajiya.

"Turaren wuta na musamman daga Maiduguri." Gaskiya ne, amma kowa haka yake cewa.

"Sirrin da zai hana maigida fita." Alkawari ne da ba mai iya cikawa, kuma yana zubar da mutuncin mai kaya.

"Turaren wuta da ba ya ƙauri, yana kwana biyu a jikin kaya." Wannan muka ɗauka. Kalmomin daga bakin masu saye suka fito, kuma na gwada da hulata. Kwana uku na ji shi, na rubuta biyu, domin gara mai saye ta samu fiye da abin da aka ce mata.

Gwajin take mai sauƙi ne. Ka rufe sunan mai kaya, ka tambayi kanka ko duk mai irin sana'ar zai iya ɗaukar layin ya saka a nasa shafin. In zai iya, ka sake.

Mataki na biyar: cikin rubutu

Ɗan kasuwan da ya san aikinsa ba ya karanto maka duk abin da ke shago. Yana kallon inda idonka ya tsaya, ya amsa tambayar da ke ranka kafin ka furta. Cikin rubutu haka zai kasance. Tambayoyin da ka tattaro a mataki na biyu, ka jera su yadda suke zuwar wa mai saye. Mene ne wannan? Me zai yi min? Nawa ne? Yaya zai iso ni? In an samu matsala fa?

Duk bayanin da mai kaya ta ba ka, ka bi shi da "sai me?" har ka iso inda ya taɓa mai saye. Ba a cika sukari. Sai me? Ba ya ƙauri. Sai me? Za ki iya sa shi baƙi na zaune, ba sai kin tashi kin fitar da kasko waje ba. A nan za ka tsaya, wannan ne abin rubutawa. Amma kada ka yar da dalilin. A faɗi duka biyun, amfanin a gaba, dalilin a bayansa, domin dalili ne ke sa a yarda.

Duk inda ka ga kalmar yabo, ka musanya ta da abin da ake ƙirgawa ko ake gani. "Babbar kwalba" ta koma nauyinta, da hotonta a tafin hannu. "Muna turawa ko'ina cikin gaggawa" ta koma: "Cikin Kano, ranar da kika biya. Kaduna, Katsina da Gusau ta tasha, kwana ɗaya zuwa biyu, kuɗin mota naki ne." Tsoron fashewa kuma ga yadda muka amsa shi: "Kowace kwalba muna naɗe ta da soso mu sa a kwali. In ta iso a fashe, turo hoto a ranar, za mu aiko miki da wata." Kafin in rubuta haka sai da na tambayi Hajiya ko ta yarda ta ɗauki wannan asarar. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ta yarda. Kada ka taɓa ɗaukar alkawari da bakin mai kaya bai sani ba, shi zai biya, ba kai ba.

Batun farashi ina da ra'ayi mai ƙarfi: a rubuta shi. Na san hujjar masu ɓoyewa. Kasuwa na hawa da sauka, abokan sana'a na leƙe, kuma mu mutane ne masu son tayi. Amma akwai mace mai kunya da ba za ta taɓa turo saƙo ta tambaya ba, don tana tsoron a faɗa mata kuɗin da ba ta da shi ta rasa yadda za ta janye. Ita ake asara, kuma ba a ma san an yi ba. In farashi na canzawa, a rubuta "farashin wannan watan". In akwai ragi ga mai sayen da yawa, a faɗa.

Jimloli su zama gajeru, sakin layi kada ya wuce layi uku a fuskar waya.

Mataki na shida: shaida da gaskiya

Wadda aka taɓa cinye wa kuɗi ba za ta yarda da kai don ka rubuta "mu amintattu ne" ba. Mai damfara ma haka ya rubuta mata. Ka ba ta abin da za ta iya dubawa: unguwar da shagon yake, sunan asusun banki da ya yi daidai da sunan sana'ar, bidiyon yadda ake ɗaure kaya, damar biya bayan an kawo in cikin gari ne. Maganar waɗanda suka saya tana da ƙarfi ƙwarai, amma ta zama ta gaske, a nemi izininsu, a rufe sunansu, kuma kada a gyara musu Hausa. Shaidar da aka ƙirƙira tana da kama ɗaya, duk santsi ba tuntuɓe, mutane sun gane ta. "Saura guda uku" ma sai in guda ukun ne suka saura.

Wannan sana'a akwai jarrabawa a cikinta. Kalma a hannunka take, ka kuma san wadda za ta sa mutum ya zaro kuɗi. Za a zo maka da kwalba ɗaya mai "warkar da ciwon suga da hawan jini da basir", da man shafawa mai "mayar da ke fara cikin kwana bakwai", da harkar zuba kuɗi mai "ninkawa duk wata". Kuɗin irin wannan aikin yakan yi tsoka. Ka ƙi. Duk wanda ya bar maganin asibiti saboda layin da ka rubuta, da hannunka a ciki.

Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani tarin abinci, ya sa hannu ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Rubutun talla shi ne saman tarin. Baƙar humrar Hajiya tana ɓata farin yadi in aka shafa ta kai tsaye. Mun rubuta haka, muka ce a shafa a jiki a bari ta bushe kafin a sa kaya. Da farko ta ji tsoro kada ya kori masu saye, na ce mata wadda ta ɓata leshin bikinta ba ita kaɗai za ki rasa ba, har ƙawayenta. Haka yawan rantsuwa. Ya zo a hadisi cewa rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana shafe albarka, don haka ba na sa "wallahi" a talla.

Doka ma tana nan. A Najeriya abinci da magani da kayan kwalliya suna ƙarƙashin NAFDAC, tallansu na buƙatar amincewarta, kuma samun lambar rajista ba izini ba ne na cewa abu yana warkar da duk cutar da aka ga dama. Dokar 2022 ta kafa hukumar ARCON a madadin tsohuwar hukumar APCON don kula da harkar talla, har da na intanet. Akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokarta ta hana bayanin da ke yaudarar mai saye. In aikin babban kamfani ne, ka tambaye su tun farko wa ke duba musu wannan ɓangaren.

Mataki na bakwai: ka gaya mata abin da za ta yi

"A tuntuɓe mu" bai nuna hanya ba. Ka faɗa dalla-dalla: "Danna nan ki turo mana sunan garinki da yawan kwalbar da kike so. Muna amsawa daga ƙarfe 9 na safe zuwa 8 na dare." WhatsApp na da gajeren adireshi da ke fara da wa.me, ana ɗora masa lambar waya tare da lambar ƙasa, 234 a Najeriya, 227 a Nijar, ba alamar tarawa, ba sifirin farko na lambobin Najeriya. Ana iya cusa masa saƙon da aka riga aka rubuta, ta yadda mai saye na dannawa za ta tarar da "Ina son turaren wuta, garina shi ne", sai ta ƙarasa kawai. Ga mai kunyar buɗe magana wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

WhatsApp Business yana da saƙon maraba, da na lokacin da ba a kusa, da amsoshin da ake ajiyewa. Su ma rubutu ne, kuma a nan ciniki ke faɗuwa ko ya tashi. Ka yi tayin rubuta su, ka sa musu kuɗinsu.

Mataki na takwas: Hausar ta zama Hausa

Kada ka rubuta da Turanci sannan ka juya, ko kai ko na'ura. Ana gane shi daga nesa: "Ɗauki kasuwancinka zuwa mataki na gaba", "Gamsuwarku ita ce fifikonmu". Ba Bahaushen da ya taɓa faɗa wa ɗan'uwansa haka a kasuwa. Cewa zai yi ciniki zai ƙaru, ko in bai yi miki ba ki dawo da shi. In an ba ka aikin harshe biyu, ka rubuta kowanne da kansa daga bayanan da ka tattara.

Ka kula da haruffa masu ƙugiya. Baki daban, baƙi daban. Kasa daban, ƙasa daban. Gboard, allon rubutu na waya, na da Hausa, ba uzuri. Ka raba kalmomi yadda ya kamata: "ya yi", ba "yayi" ba. Sai dai akwai wuri biyu da za ka yi hattara. Yawancin masu nema a Google ba sa sa ƙugiya, "dinki" suke bugawa, don haka adireshin shafi ka bar shi ba ƙugiya. Na biyu, saƙon tes na waya haruffa 160 yake ɗauka, amma harafi mai ƙugiya ko ɗaya ya shiga, sai ya koma 70. Wanda zai tura wa mutum dubu saƙo, kuɗinsa zai iya ninkawa bai san dalili ba. Ka gaya masa kafin ya tura.

In masu sayen na Maraɗi ne ko Damagaram, ka nemi ɗan can ya duba maka, domin kalmomin aronsu da yawa daga Faransanci suke. Lissafin kuɗinsu ma daban ne: dala sefa 5 ce, jaka sefa 1,000. Ka rubuta farashi da lamba, ka ambaci sunan kuɗin a gefensa.

Mataki na tara: tacewa

Ka bar rubutun ya kwana. Da safe ka karanta shi da ƙarfi, duk inda harshenka ya yi tuntuɓe ko numfashi ya ƙare maka, a nan gyara yake. Ka tura wa kanka a waya ka gani, don abin da ya yi layi biyu a kwamfuta yakan zama bango a waya. Sannan ka miƙa wa wani mai kama da mai sayen, ni ƙanwata nake ba wa in kayan mata ne. Ka bar ta ta duba na daƙiƙa goma, ka karɓe wayar ka tambaye ta: me ake sayarwa, nawa ne, me aka ce ki yi? In ta rasa ɗaya, laifin rubutun ne, kada ka tsaya yi mata bayani.

Lambar waya da lambar asusu da farashi, ka duba su sau biyu, harafi harafi, sannan mai kaya ta sake dubawa.

Mataki na goma: miƙa aiki da abin da ke bayansa

Kada ka tura rubutu tsirara. Ka haɗa da layi uku ko huɗu na dalili: na fara da ƙauri saboda shi aka fi tambaya, na sa farashi saboda kaza. Mai kaya in ya ga dalili yakan rage gyaran son rai. In ya ce a mayar da "inganci" da "na musamman", ka faɗi ra'ayinka sau ɗaya cikin ladabi, ka nuna masa saƙonnin masu sayensa. In ya dage, kayansa ne, ka yi masa, muddin ba ƙarya ya ce ka rubuta ba. Cikon kuɗinka ya shigo kafin ka miƙa kwafin ƙarshe.

Ka nemi izinin ajiye aikin cikin abin da za ka nuna wa wasu, tsohon rubutun a gefe, sabon a gefe. Wannan ya fi kowace takardar shaida jawo aiki. In kana neman aiki ta dandali irin su Fiverr, ka tuna suna cire kashi 20 cikin ɗari, ka sa shi a lissafi kafin ka yanke farashi.

Bayan mako biyu ka koma ka tambaya. Kada ka ce "yaya ciniki?", alhamdulillahi za a ce maka. Ka ce: wace tambaya aka daina yi, wace ce sabuwa? Da na tambayi Hajiya, ta ce ba a ƙara yi mata maganar fashewar kwalba ba, amma mata biyu sun tambaya ko mai asma zai iya zama a ɗakin da aka sa turaren. Ta so in rubuta cewa ba ya cutarwa tunda hayaƙinsa mai sanyi ne. Na ce mata ni da ke ba likitoci ba ne, kuma hayaƙi hayaƙi ne. Muka ƙara layi ɗaya a ƙasan farashi: "In akwai mai asma ko jariri a gida, ki turara ɗaki ba sa ciki, ki buɗe taga hayaƙin ya fita kafin su shigo."